Kwamfuta Mai Ƙafa Uku

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, Inna, muna saurare.

To ku gyara zama. A shekarar dubu biyu da bakwai, ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa ta gabas ya watse bai zubar da komai ba, aka wayi garin wata Litinin a Bukkuyum da mummunan labari. Awon burtalin Adabka ya ɓace daga cikin kwamfuta.

Shekara biyu manoman Adabka da makiyaya suna rikici a kan hanyar shanun da ta ratsa gonaki ta gangara mashaya. An fasa kawuna, an ƙone bukkoki. Daga baya aka kafa kwamitin sulhu mai ofis uku, ɗaya a Anka, ɗaya a Gummi, ɗaya a Bukkuyum, kowanne da kwamfutarsa. Dattawan ɓangarorin biyu suka taka burtalin da ƙafa, kwana goma sha tara. Duk inda suka yarda sai a tsaya a auna, kowa ya dafa ƙirji ya ce ya amince. Wuri ɗari da arba'in da biyu suka tsaya. Ardo Yakubu, wanda ya ja makiyayan, ya rasu wata guda bayan an gama. Ranar Asabar mai zuwa za a karanta awon a gaban jama'a a sa hannu, kafin ruwan shuka ya sauka.

Wanda ke kula da kwamfutar Bukkuyum sunansa Sambo, ɗan ruga ne da ya yi boko. Shi ya kunna ta ranar Litinin ɗin, ya soka filas, ɗan ma'ajin nan kamar yatsa da awon ke ciki, ya gyara sunan wani dattijo, ya ce ta adana. Allon ya daskare. Da aka sake kunnawa, awon ya zama tarkacen da ba ya karantuwa.

Kafin azahar gari ya rabu. Manoma suka ce ɗan Fulani ya ga burtali ya yi wa 'yan uwansa ƙunci, ya goge. Makiyaya suka ce ya auri 'yar gari, zuciyarsa ta koma gona. Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da shi, rabi don tuhuma, rabi don kada a kashe shi a bakin ofis.

Sai aka aika wa Sa'adatu.

Sa'adatu ɗiyar Tsoho ce, mai bin sawun nan na Gummi da a zamaninsa yakan bi saniyar sata har ƙasar Kebbi ya dawo da ita. Ita ba ta bi shanu ba. Ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, kuma ita ta haɗa kwamfutocin kwamitin duka uku da hannunta. Ta san Sambo tun ranar da ta koya masa riƙe linzamin kwamfuta yana zufa kamar an ba shi maciji.

Ranar Talata ta hau motar kasuwa ta iso Bukkuyum. Gambo, maigadin ofishin kuma mai tayar da janareto, ya buɗe mata yana kallon ƙasa.

"Malama, ni dai ban taɓa ta ba. Ko ƙura ba ni share mata, tsoronta nike."

"Na sani, Baba Gambo. Janareton fa, ya yi fizga jiya?"

"Wanga janareto? Ya hi ni lahiya. Man da anka zuba mai ma ni na tace shi da hulata."

Ta duba wayoyi, ta shinshina bayan na'urar. Babu ƙauri, babu abin da ya ƙone. Zargin janareto ya faɗi a nan.

Ba ta tashi hankalinta ba tukuna, domin ta san wani abu da mutanen gari ba su sani ba. Ta tsara kowace kwamfuta ta riƙa ajiye kwafen duk abin da ke cikin filas a wani lungu nata. Ta tayar da na'urar da faifan ceto, ta buɗe lungun. Wayam. Ko fayil ɗaya babu.

Filas yakan lalace da kansa, amma lungu ba ya share kansa. Wannan ya yi kama da aikin hannun mutum, kuma mutum ɗaya ne ya san kalmar buɗe na'urar ban da ita.

Ta tafi inda ake tsare da Sambo. Aka fito mata da shi ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, ba hula, leɓensa a fashe.

"Adda Sa'a," ya ce, "sannu da hanya."

"Bar gaisuwa, Sambo. Faɗa mini abin da ka yi tun daga buɗe ƙofa."

"Na kunna. Na buga lambobin katinki guda uku, kamar kullum. Na soka filas. Na gyara suna. Shi ke nan."

"Kwafen da ke cikin na'ura fa? Kai ka goge?"

"Ban goge komai ba."

"To wa ya taɓa ta ban da kai?"

Sambo ya sunkuyar da kai. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Da kai nike magana. Ranar Asabar in babu awo babu mai laifi, kai ne mai laifin. Kotu za su kai ka, in ma mutanen gari sun bari ka isa."

"Ni na buga lambobin, Adda," ya sake cewa a hankali. Daga nan aka mayar da shi ciki.

Bari in gaya muku zancen katin nan, don shi ne gindin labarin. Kowace kwamfuta tana da wata uwar manhaja a can ciki, wadda ke ba kowa umarni, masu sana'ar suna ce mata kanal. Irin wadda Sa'adatu ta sa kyauta ce, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban suka taru suka rubuta ta. Ku ɗauki ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar gari. Kowane aiki yana da gidansa, kowane gida yana da lambar adireshi. A cikin kanal ɗin akwai wani ɗan kayan aiki, mai bin sawu. In ka ba shi adireshi sai ya je ya kafa alama a bakin ƙofar gidan, ya riƙa rubuta wa ya shiga, yaushe, me ya ɗauko. Kwamfutar Bukkuyum ta kasance tana yin tsaye in ana adana abu, hanya kuma ba ta da kyau balle Sa'adatu ta riƙa zuwa kullum. Shi ya sa ta rubuta adireshi uku da jan biro a kati, ta liƙa a bango, ta ce Sambo ya riƙa bugawa kowace safiya, in ta zo ta karanta sawun.

Ranar Laraba ta hau babur ta nufi Adabka, domin Gambo ya tuna cewa Nuhu, shugaban manoma, ya zo ofis ranar Lahadi yana leƙen taga. Ta ishe shi a gona yana ƙona kara.

"Ƙwarai na zo," Nuhu ya ce, ya dogara da ƙotar fartanya. "In gani ko sun buga takardar. Mi za ni yi da kwamfuta, ɗiyata? Ni rediyona ma sai jikana ya kamo mini tasha."

"An ce awon ya ci maka gona."

"Ya ci, kunya goma sha ɗaya. Na yarda gaban Ardo, hannuna bisa ƙirji. Ardo shina ƙasa yanzu. Ni na yarda, amma ƙannena ba su yarda ba. Takardar ita ta riƙe su." Ya ɗaga kai ya dubi gabas. "In ruwa ya sauka ba takarda, ni ba ni iya tare su."

Ta bar shi ta hau babur. Mutumin nan ya fi kowa son awon ya fito.

Da ta dawo Bukkuyum ta biya gidan Sambo. Matarsa Luba tana zaune bakin murhu da goyo, wutar ma ta mutu ba ta lura ba.

"Ya canza miki a kwanakin nan?" Sa'adatu ta tambaya.

"Tun Alhamis ba ya cin abinci sosai. Na ɗauka kunyar Baba ce. Kin san shi, in Baba na gida ko ruwa ba ya sha."

"Malam Tanko ya zo?"

"Ya biyo da motar kwamiti, ya ci tuwo, ya wuce Anka. Na aika mai jiya, yac ce in yi haƙuri, hukuma na aikinta."

Malam Tanko shi ne babban jami'in kwamitin, ofishinsa a Anka, kuma shi ne mahaifin Luba. Zuwansa Bukkuyum ba abin mamaki ba ne, aikinsa ne zagaye. Sa'adatu ta ajiye zancen a gefe.

Da yamma ta koma ofis ta buɗe rubutun da mai bin sawu ya bari. Ya tsira, layi biyar ne kacal na ranar Litinin. Ta karanta, ta sake karantawa. Alamar farko da ta biyu sun sauka a wuraren da babu ƙofa. Ta uku ta sauka a tsakiyar wurin da na'ura ke ajiye jerin inda kowane guntun fayil zai kwanta a cikin filas. Alamar ta taka lamba ɗaya a jerin. Da Sambo ya ce a adana, na'urar ta bi karkataccen jeri ta zuba awon a kan kansa.

Ta buɗe rubutun kayan aikin kansa, layi bayan layi, har ta iso inda yake karɓar adireshi. Abu ɗaya kawai yake dubawa, wato kada lambar ta zama sifili. Ban da wannan, duk abin da ka miƙa masa zai karɓa. Ka ce masa ƙofa ce, ya kafa. Ka nuna masa tsakiyar rumbu, ya kafa. Ba ya tambaya.

Ba Sambo ya lalata awon ba, kayan aikin da ita ta kunna ne. Ta dubi katin da ke bango, rubutun hannunta. Ta ciro littafinta ta gwada, lamba bayan lamba, babu kuskure. Wata biyu Sambo yana buga su lafiya. To me ya canza? Kuma wa ya share lungun? In ta fita ta ce na'ura ce ta yi, babu mai yarda. Za a ce tana kare yaronta ne.

Ranar Alhamis ta koma Gummi ɗauko kayan aiki. Ta ishe mahaifinta a zaure, idanunsa sun yi fari, yana murza igiya da hannu. Innarta ta kawo fura ta koma ciki.

"Tahiyarki ta yi nauyi," Tsoho ya ce. "Ƙahwar hagu kike ja. Ba ki samu ba."

Ta ba shi labari duka, ta mayar masa da kwamfuta gari kamar yadda na mayar muku. Ya saurara bai katse ta ba.

"Wanga yaron naki mai bin sawu, wa ya koya mai aiki? Ni in anka kira ni, ba ni taka ko taki ɗaya sai na zauna da mai saniya. Kofatonta wane iri na? Akwai tsaga? Wace ƙahwa taka jefawa waje? Sannan in tai garke in ga sawunta na jiya da idona. Sau nawa anka nuna mini sawu anka ce ga ta nan, ashe ta maƙwabci ta. In na bi, sai in kai mutane ƙohwar wanda bai ci ba bai sha ba."

"Shi ne abin da zan gyara, Baba. Amma adireshin daidai suke."

"Ke kin duba saniyar?"

"Wace saniya?"

"Akwatin. Kin tambaya ko naki na?"

Ba ta duba ba. Akwatin toka-toka, da tambarin kwamiti a gefe. Uku ta sayo iri ɗaya rana ɗaya.

"Sannan shi ɗan Hillanin," Tsoho ya ci gaba, "da kinka tambaye shi, ya dube ki ko ya dubi ƙasa?"

"Ƙasa. Yana zane da tsinke."

"Mai tsoro shina duban ƙohwa. Mai ƙarya shina duban idonki, don ya ga ko kin ɗauka. Mai duban ƙasa kunya yaka ji. Ki nemo wanda bakinai ba ya iya kama sunanai."

Da sassafen Juma'a tana Bukkuyum. Wannan karon ba ta kunna komai ba. Ta durƙusa, ta kawo idonta daidai da tebur, kamar yadda ta sha ganin mahaifinta yana yi a bakin garke. Teburin yana da shimfiɗar leda mai furanni. Ta ɗaga akwatin a hankali ta ajiye gefe. A kan ledar akwai lotsawa huɗu masu zurfi, inda ƙafafun roba suka zauna wata da watanni. Kusa da su, an ɗan goce, akwai sababbi marasa zurfi. Uku ne. A gurbin ta huɗu akwai guntun kwalin shayi da aka ninka.

Ta ɗauki kwalin ta warware. Ta san shi. Ita ta ninka shi a watan Janairu, a ofishin Anka, ranar da ƙafar kwamfutar can ta ɓalle a mota.

Ta kunna ta tambayi kanal ɗin ranar haɗa shi. Janairu. Na Bukkuyum a Maris ta sake haɗa shi saboda sabuwar firinta, kuma duk sanda aka sake haɗawa gidaje sukan gusa, lambobi su canza. Katin Bukkuyum ne aka buga wa kwamfutar Anka. Lungun kuwa babu wanda ya share shi. Ofishin Anka bai taɓa auna ko taki ɗaya ba, lungunsa tun asali wayam yake.

In haka ne, kwafen awon yana nan a kwamfutar Bukkuyum ta gaskiya. Ta tari mota zuwa Anka. Malam Tanko ya tafi masallaci, masinja ya buɗe mata. Ga akwatin a kan tebur da ƙafafunsa huɗu. Ta kunna. Wata manhaja ce daban ta fito, cike da zanen furanni da katunan ɗaurin aure da na walima. Masinja ya ce an kai ta Gusau gyara, ashe an wanke ta tas, an zuba sabo a kai. Ta yi awa biyu tana tono. Abin da ta tsamo daga nan da daga filas, in an haɗa, wuri sittin da ɗaya ne cikin ɗari da arba'in da biyu. Na wajen mashaya, inda rikicin ya fi zafi, babu ko ɗaya.

Ta koma Bukkuyum ta zauna gyara kafin rana ta faɗi. Ba dogon rubutu ba ne, layi ashirin da 'yan kai. Ta koya wa mai bin sawu tambaya huɗu kafin ya kafa alama. Adireshin nan yana cikin unguwar gidajen aiki, ko ya faɗa wurin ajiya? Bakin ƙofa ne, ko tsakiyar bango? In an ƙara masa tsawon alamar, ya tsallake iyakar gari ya zagayo ta baya? Gidan mai bin sawun ne da kansa? In amsa ɗaya ta karkace, ya tsaya, ya ce bai yarda ba. Ta gwada da lambobin banza iri-iri. Sau ɗaya ya ƙi adireshi na gaskiya, ta gano ta ƙirga iyakar unguwar da ragin ɗaya, ta gyara.

Ranar Asabar aka taru a farfajiyar ofis. Manoma a dama, makiyaya a hagu, 'yan sanda a tsakiya da Sambo. Alhaji Abdussamad, shugaban kwamitin, yana kan kujera, Malam Tanko a gefensa da babbar riga. Nuhu da Gambo suna gaba. Luba tana can baya wajen mata. Sa'adatu ta sa aka fito da teburin da ledarsa da kwamfutar.

"Alhaji, a ba ni dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, masu ido."

Nuhu ya fito, da wani ƙanen marigayi Ardo. Ta ɗaga akwatin.

"Baffa, kai ka san sawu. Nawa ka gani?"

Bafillacen ya durƙusa ya shafa ledar. "Biyu. Tsoho mai ƙahwa huɗu, sabo mai uku."

"Baba Nuhu?"

"Haka na. Wagga ba ita ta kwana nan da daɗewa ba."

"Wannan ta ofishin Anka ce," ta ce. "Ta nan tana Anka, jiya na gan ta. An musanya su ranar Alhamis ta makon jiya."

Mutane suka fara juyawa suna duban babbar riga.

Malam Tanko ya gyara hula. "Kayan kwamiti na, ni ka kula da su. Tawa tana wahalar da ni, na ɗauki wagga aro. Ai duk ɗaya suke, ita da kanta ta sayo su iri ɗaya. Na ce ma yaron ya ci gaba da aikinai. Awo shina cikin filas, mi ya haɗa shi da akwati?"

"Ka kai ta Gusau an wanke, Malam. Kwafen awon yana ciki."

"Ban sani ba."

"Na yarda ba ka sani ba. Amma kwana biyar ka san yana tsare, ka kuma san abin da ya sa ya yi shiru."

Alhaji Abdussamad ya juya wajen Sambo. "Kai ka buɗe mai?"

Sambo ya dubi ƙasa. Ƙanen Ardo ne ya amsa. "Alhaji, kada ka matsa mai. Surukinai na. Ko wuƙa anka sa mai ba ya kama sunanai gaban mutane. Mu munka haife shi, mu ya kamata mu gane tun Litinin."

Wani daga cikin manoma ya ɗaga murya. "To musanya akwati shi ka cinye awo? Wa ya lalata?"

Sa'adatu ta juyo gare shi. Tun Laraba take jiran tambayar nan.

"Ni ce. Ni na kunna kayan aikin da ba ya tambaya, ban karanta shi ba sai da ya yi ɓarna. Ni na liƙa lambobi a bango ban rubuta wa wace na'ura suke ba. Sambo abin da na ce ya yi shi ya yi. Ku duba."

Ta soka wani filas mai ɗauke da sunayen ƙauyuka, ta nuna wa Alhaji ya karanta da ƙarfi. Ta tayar da tsohon kanal, ta kira Gambo ya karanto mata lambobin katin, tana bugawa. Ta ce a adana. Allon ya daskare. Da ta sake kunnawa, sunayen sun zama tarkace. Sannan ta tayar da wanda ta gyara, da wani filas, Gambo ya sake karantowa. Na'urar ta rubuta layi ɗaya ta tsaya.

"Mi tac ce?" Gambo ya tambaya.

"Ta ce nan ba ƙofa ba ce, ba za ta kafa ba."

"Ashe tana da baki," Gambo ya ce. "Da ta yi magana tun Litinin."

Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya ce a kwance Sambo, aka kwance shi. Ya miƙe, ya je gaban surukinsa ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya wuce.

"Awon fa?" Nuhu ya tambaya.

"Wuri sittin da ɗaya na samo. Na mashaya sun tafi."

"A sake takawa," wani ya ce.

"Da wa?" in ji ƙanen Ardo. "Wanda munka yarda da ƙahwarshi shina kabari."

Aka sa ranar sake zama bayan mako biyu. Kwana huɗu da taron, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kuma washegari ƙannen Nuhu suka fita da iri suka nufi burtali.

Gyaran kuwa, Sa'adatu ta kai shi wani kafe na intanet a Gusau ta aika wa masu kula da kanal ɗin. Suka dawo mata da shi sau biyu, na farko don tsarin rubutu, na biyu don ta raba shi gida uku. A karo na uku wani da ba ta taɓa gani ba ya rubuto kalma biyu, ya ce an karɓa. Bai san Adabka ba, ita ma ba ta gaya masa ba.

Ga yadda kowa ya ƙare. Sambo bai koma ofis ba, ya ɗauki Luba da ɗansu suka koma Gummi, yana buga takardu a bakin tasha, kuma har yau bai taɓa faɗin sunan surukinsa ba. Malam Tanko an sauke shi daga kwamiti, ya zauna a Anka, Luba takan kai masa jikoki da salla. Nuhu ya bar kunyarsa goma sha ɗaya ba shuka shekara uku, shi kaɗai, sannan ya gaji. Gambo ya ci gaba da gadin ofishin har aka rufe shi. Ƙanen Ardo ya kwashe shanunsa da kaka ya yi kudu, rugage bakwai suka bi shi, burtalin mashaya ya zama gero. Tsoho ya rasu da azumin shekarar. Sa'adatu ta ajiye aikin kwamiti da kanta, ta koma koyar da kwamfuta a Sakkwato, kuma guntun kwalin shayin yana cikin jakarta.